Sha'awar masu nakasa da burin zama nakasasshe: amsa ga wanda ya ce ƙafarsa ba tasa ba ce

Wani bawan Allah ya aiko mini da tambaya, ya kuma roƙi a sakaya sunansa. Ya ce shekarunsa sun haura talatin, yana da aikin yi, duk wanda ya san shi yana yi masa kallon lafiyayye mai cikakken hankali, amma akwai abubuwa biyu da yake ɓoyewa tun yana yaro. Na farko, babu macen da take ɗaukar hankalinsa kamar wadda aka yanke wa ƙafa ko wadda take dogara sanda. Na biyu, wanda ya fi hana shi barci, shi kansa yana jin cewa ƙafarsa ta hagu ba tasa ba ce: daga misalin yatsa huɗu sama da gwiwa zuwa ƙasa, ji yake kamar jona masa ita aka yi, alhali tana motsi, tana jin zafi da sanyi, ba ta da ciwon komai. Ya ce idan ya kulle ƙofa yakan lanƙwasa ƙafar ta baya, ya ɗaure ta da bel a cikin wando, ya tsaya a gaban madubi, kuma a 'yan mintocin nan ne kawai yake jin hankalinsa ya kwanta. Yana tambaya ko hauka ne ke damunsa, ko lalacewar ɗabi'a, ko butulci ga ni'imar lafiya, kuma ko akwai magani.

Ɗan'uwa, na karanta saƙonka har sau biyu, kuma abin da nake so ya fara zama a zuciyarka shi ne cewa abin da ka bayyana sananne ne a ilimin lafiyar ƙwaƙwalwa, yana da suna, an yi bincike a kansa, kuma ba kai kaɗai ke ɗauke da shi a duniya ba. Ba hauka ba ne. Sai dai ka ƙulle abubuwa biyu a ƙulli ɗaya, ni kuwa ba zan iya ba ka amsa mai amfani ba sai na kwance su, domin matsayinsu a wurin likita ba ɗaya ba ne, haɗarinsu ma ba ɗaya ba ne. Sha'awar mace mai nakasa ta shafi inda zuciyarka ke karkata. Jin cewa ƙafarka baƙuwa ce ya shafi yadda kake jin jikinka daga ciki. Sukan haɗu a mutum ɗaya kamar yadda suka haɗu a wurinka, amma akwai masu na farkon da yawa waɗanda ko a mafarki ba su taɓa son rasa gaɓa ba, akwai kuma masu na biyun waɗanda sha'awa ba ta cikin lamarinsu ko kaɗan.

Zan fara da na biyun, domin shi ne mai iya cin rai. A 1977 wani masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka, John Money, tare da abokan aikinsa biyu, ya wallafa bayanin wasu maza biyu da ke neman a yanke musu gaɓa mai lafiya. Ya laƙaba wa abin suna afotemnofiliya, kalmar da aka harhaɗa daga Girkanci mai nufin son yankewa, kuma ya ɗauke shi a matsayin wata karkatacciyar sha'awar jima'i. Wannan fahimta ta daɗe tana cin karenta babu babbaka, ta kuma ja wa masu lalurar ƙarin kunya, domin ta sa ana yi musu kallon masu neman biyan buƙata ta hanya mai ban ƙyama. A 1997 wani masanin, Richard Bruno, ya tattara sunayen da mutanen ke kiran junansu da su, waɗanda suka kasa su gida uku: masu begen nakasassu, masu kwaikwayon nakasa, da masu burin su nakasa da gaske. Saƙonka ya taɓo duka ukun, kuma hakan ba baƙon abu ba ne.

Binciken da ya sauya akalar maganar shi ne na Michael First, likitan ƙwaƙwalwa na Jami'ar Kolambiya da ke Niyok, wanda ya fito a 2005. Ya tattauna ta waya da mutum 52 masu wannan buri, 47 daga cikinsu maza ne. Abin da ya tarar ya yi kama da wasiƙarka matuƙa. In ban da mutum ɗaya, dukkansu abin ya fara musu ne tun ƙuruciya ko farkon balaga. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke da ruɗin tunani irin na tabin hankali. Dalilin da suka fi bayarwa shi ne cewa jikin da suke ciki bai dace da yadda suke jin ainihin kansu ba, kuma rasa gaɓar ce za ta daidaita su. Yawancinsu sun ce mutanen da aka yanke wa gaɓa suna ba su sha'awa, amma kaɗan ne suka ce sha'awar ce babban dalilin burinsu. Daga baya, a 2012, wasu likitoci a Amsitadam ta ƙasar Holan sun bincika mutum 54, suka nuna cewa ba yankewa kaɗai ake buri ba, akwai waɗanda shanyewar ƙafafu suke so, kuma a sauran siffofi ba su bambanta da masu son yankewar ba. Irin waɗannan bincike ne suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da lalurar cikin kundinta na rarrabe cututtuka bugu na 11, wanda aka amince da shi a 2019 ya kuma fara aiki a Janairun 2022, a ƙarƙashin lamba 6C21. Ma'anar sunan da aka ba ta ita ce ƙuncin da mutum ke ji game da cikar jikinsa. Siffarta a kundin ita ce buri mai ƙarfi mai ɗorewa na samun babbar nakasa, kamar rasa gaɓa ko shanyewar ƙafafu ko makanta, wanda ya fara kafin farkon balaga ya wuce, tare da jin cewa lafiyayyen jikin bai dace ba, har abin ya kai ga cinye wa mutum lokaci da tunani ko jefa lafiyarsa cikin haɗari.

Idan ka je wurin likita, aikinsa na farko shi ne ya tabbatar ba wata lalurar ce ta sa wannan rigar ba, domin akwai masu kama da ita a waje amma sun sha bamban a ciki. Mai tabin hankali zai iya cewa wata murya ce ta umurce shi ya rabu da hannunsa, ko ya yi imani an dasa masa wani mugun abu a cikin gaɓar. Kai kuwa ka san ƙafarka ce, ka san lafiyarta lau, har kana mamakin kanka. Akwai kuma lalurar ganin muni a jiki, inda mutum ke ganin hancinsa ko fatarsa ta yi munin da kowa ke kallo. Kai ba ka ce ƙafar mummuna ce ba, cewa ka yi ta yi maka yawa. Haka nan akwai mai ƙirƙiro wa kansa ciwo don a yi jinyarsa a tausaya masa, da mai yin ƙaryar nakasa don samun kuɗi ko guje wa aiki. Kai kuwa shekara ashirin da wani abu kana ɓoyewa, ba ka nemi kowa ya gani ba. Wannan rarrabewa tana da muhimmanci, domin wasu daga cikin waɗancan lalurorin suna jin magani sosai, kuma kuskure ne a bar mutum da su saboda an yi gaggawar sa musu wani suna.

To daga ina abin yake fitowa? Bayanin da ya fi gamsar da ni ya fito ne daga likitocin jijiyoyi. Ƙwaƙwalwar kowane mutum tana riƙe da wata irin taswira ta jikinsa, wadda take gaya masa, ko da idonsa a rufe, inda hannunsa yake da inda ƙafarsa ta ƙare, da kuma cewa duk waɗannan nasa ne. Ba ma lura da taswirar sai ranar da ta saɓa da jikin. Wanda aka yanke wa hannu yakan ji ƙaiƙayi a tafin da babu shi, har ya kai ɗaya hannun zai sosa ya tarar da iska, saboda gaɓar ta tafi amma tana nan a taswira. Akwai kuma akasin haka, wanda duk ma'aikacin ɗakin masu shanyewar ɓarin jiki yakan ci karo da shi jefi-jefi: majinyacin da ɓarin ƙwaƙwalwarsa na dama ya taɓu zai kalli hannunsa na hagu a kan gado ya ce na wani ne, ya roƙi a ɗauke masa shi, kuma ko an bi da yatsa daga tafin har kafaɗarsa an nuna masa a haɗe suke, ba zai yarda ba. A nan gaɓar tana nan amma ta ɓace daga taswira.

Vilayanur Ramachandran da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego sun lura cewa masu lalurarka suna da alamomin da suka fi kama da na matsalar jijiya: ɓangaren hagu ya fi yawa a cikin gaɓoɓin da ake son rabuwa da su, abin yana farawa tun yarinta, kuma idan aka miƙa wa mutum alƙalami zai ja layi a daidai inda yake jin jikinsa ya ƙare, ba tare da inda-inda ba. Yatsa huɗun nan da ka ambata sama da gwiwa, wannan layin ne. A 2008 suka gwada tsikarin fata da allura a sama da layin da kuma ƙasa da shi, suna auna gumin firgici da fata ke fitarwa ba da son mutum ba, sai suka ga martanin ƙasan layin ya fi na samansa ƙarfi. A 2011 suka auna aikin ƙwaƙwalwar mutum huɗu yayin da ake taɓa musu ƙafa, suka tarar wani yanki a saman ɓarin dama, wanda ake kira fariyetal, kuma a nan ne ake harhaɗa taswirar jiki, ba ya amsawa yadda ya kamata idan aka taɓa gaɓar da mutum ke jin ba tasa ba ce. Suka ba abin suna zenomeliya, wato baƙuwar gaɓa. Peter Brugger da tawagarsa a Zurik ta ƙasar Suwizalan sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar maza 13 a binciken da ya fito a 2013, su ma suka ga bambanci a ƙirar wannan yankin da wasu da ke aiki tare da shi. Ma'anar wannan a sauƙaƙe ita ce ƙafarka tana aika saƙo, ƙwaƙwalwa tana karɓa, amma ba ta da gurbin da za ta ajiye shi a matsayin naka, shi ya sa kake jin ta kamar kaya a jikinka.

Ba zan ɗora wa wannan bayani nauyin da ya fi ƙarfinsa ba. Mutanen da aka gwada kaɗan ne, kuma ƙwaƙwalwa takan sauya gwargwadon abin da mutum ya daɗe yana yi da tunani a kai, saboda haka shekarun da aka shafe ana ɗaure ƙafa da saƙa rashinta suna iya barin nasu sawun. Bayanin taswira kuma ya fi dacewa da mai son rabuwa da ƙafa ɗaya fiye da mai burin makanta. Da yawa daga masu lalurar suna tuna wata rana a yarinta da suka ga mai dungu ko mai keken guragu, suka ji wani abu ya ɗarsu a ransu na cewa haka ya kamata su kasance, wanda ke nuna abin da ido ya gani ma yana da rawar da yake takawa. Wani masanin ɗa'ar aikin likita, Carl Elliott, ya yi gargaɗi tun a 2000 cewa sanya wa abu suna da taruwar masu shi a intanet suna iya ƙarfafa shi a zukatan da da can bai yi jijiya ba. A ganina, asali a ƙwaƙwalwa da tasirin rayuwa ba kishiyoyin juna ba ne. Abin da ya tabbata dai shi ne babu yaro ɗan shekara bakwai ko takwas da ya zauna ya zaɓi wannan, kuma a nan ne amsar tambayarka game da butulci take. Butulci aiki ne da mutum ke yi da saninsa. Kai abu ne ya same ka, kana kuma ƙyamarsa har ka nemi taimako. Abin da ke wuyanka shi ne abin da za ka aikata da shi.

Yanzu mu koma kan sha'awar. John Money ɗin dai shi ne ya sanya wa sha'awar waɗanda aka yanke wa gaɓa suna akrotomofiliya a shekarun 1980, sannan akwai wani sunan ga sha'awar masu dogara sanda ko masu keken guragu. Amma sunan Girkanci ba ya mayar da abu cuta. Kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka da ya fito a 2013 ya bambanta a fili tsakanin sha'awar da ba a saba gani ba da sha'awar da ta zama lalura: sai ta jefa mai ita cikin ƙunci, ko ta gurgunta masa rayuwa, ko ta kai ga cutar da wani ko shiga haƙƙin wanda bai amince ba, sannan ake kiranta ciwo. Akwai kuma abin da nake so ka tsaya ka duba, domin wani ɓangare na kunyarka ba daga kai ya fito ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin ɗari na al'ummar duniya, suna rayuwa da nakasa mai tasiri. Waɗannan mutane suna so, ana sonsu, suna aure suna haihuwa, kuma sashe na 23 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa ya tabbatar musu da haƙƙin aure da kafa iyali. Tunanin cewa duk namijin da ya so gurguwa sai dai in tausayi ne ko rashin lafiya, cin fuska ne gare ta tun kafin ya zama zargi a kansa.

Sai dai akwai iyaka, kuma na ga inda aka tsallake ta. Wata mata da ta rasa ƙafarta ta dama a hatsarin mota ta taɓa ba ni labarin wani da ya fito neman aurenta bayan ta cire rai da samun masoyi. Da farko ta ɗauka Allah ne ya share mata hawaye. Sannu a hankali ta lura cewa duk ranar da ta sa ƙafar roba fuskarsa takan canza, yana yawan ce mata ta huta da zuwa gashin ƙashi tunda sandar ta ishe ta, kuma idan suna hira idonsa ba ya kan fuskarta. Wata rana ta ɗauki wayarsa za ta duba lokaci, sai ta ci karo da hotunanta jere, duk daga baya aka ɗauka tana tafiya da sanda, ba ta san an ɗauka ba, babu ko ɗaya da fuskarta ta fito. Abin da ta ce mini bai fita daga raina ba: ashe ba ita yake nema ba, ƙafar da babu yake nema. Ta ce zafin wannan ya fi na waɗanda suka guje ta tun farko.

Masu nakasa ba su da baki ɗaya a kan wannan lamari. Akwai waɗanda ke cewa sun gaji da a so su duk da nakasarsu, kuma suna jin daɗin samun wanda jikinsu yadda yake ya burge shi. Akwai kuma masu jin an mayar da abin da ya fi komai yi musu ciwo abin kallo. Kowace ita ke da ikon yanke wa kanta hukunci, kuma ba za ta iya yankewa ba idan an ɓoye mata. Saboda haka ma'aunin da zan ba ka ba na likita ba ne kawai. Ka tambayi kanka: da za ta samu ƙafar roba mai kyau ta riƙa tafiya ba a gane komai, za ka taya ta murna har zuci? Ka san abin da ke ba ta dariya da abin da ke ɓata mata rai, ko kuwa dungun kaɗai ka haddace? Idan magana ta yi nisa, za ka iya gaya mata gaskiyar abin da ya fara jan hankalinka gare ta, ka bar ta ta zaɓa? Mata masu nakasa sun fi sauran mata fuskantar cin zarafi, sau da yawa daga hannun wanda suke dogaro da shi, don haka ɗaukar hoto a ɓoye, bibiyar mace a hanya, shiga ƙungiyoyin masu nakasa da fuskar taimako don kallo, ko ƙarfafa mata dogaro da kai, duk zalunci ne ko da babu kundin likita da ya kira su ciwo. Kada kuma ka auri mai nakasa da fatan zama da ita zai kashe maka wutar ƙafarka. Ba zai kashe ba, kuma ka mayar da 'yar mutane magani ba da saninta ba.

Batun magani kuwa, ba zan yi maka rufa-rufa ba. Har yau babu ƙwaya ko salon tattaunawa da aka tabbatar yana kawar da burin kansa. A binciken First, waɗanda suka sha magani ko suka yi zaman tattaunawa da ƙwararru sun ce ƙarfin burin bai ragu ba. An gwada motsa sashen daidaita tsayuwa da ke cikin kunne ta hanyar zuba ruwan sanyi, domin hakan yakan dawo wa mai shanyewar ɓarin jiki da jin cewa hannunsa nasa ne na ɗan lokaci, amma gwajin da aka wallafa a 2014 bai nuna raguwar burin ba. Duk da haka kada ka ɗauka zuwa asibiti ɓata lokaci ne. Nauyin da kake ɗauke da shi ba burin ne kaɗai ba. Akwai kunya, da kaɗaici, da tsoron tonuwar asiri, da ciwon damuwa da yakan biyo baya, kuma waɗannan duk suna jin magani. Da yawa daga masu lalurar suna lura cewa abin yana hawa da sauka, yakan tsananta a lokacin matsi da zaman kaɗaici, ya lafa idan rayuwa ta cika da aiki da mutane. Ƙwararren da ya san aikinsa zai taimaka maka ka gane abubuwan da ke tayar maka da shi, ka rage sa'o'in da yake ci maka, ka kuma tsara abin da za ka yi a daren da ya fi ƙarfinka.

Na san ka ji labarin waɗanda aka yi wa tiyata, don haka gara ka ji shi daga bakina cikakke. Wani likitan fiɗa mai suna Robert Smith ya yanke wa maza biyu lafiyayyun ƙafafu a asibitin garin Falkirk na Sikotilan, ɗaya a 1997 ɗaya a 1999, kuma da maganar ta fito fili a 2000 hukumar asibitin ta hana a sake. A cikin mutum 52 na First, tara sun riga sun rasa hannu ko ƙafa: uku ta hannun likitan fiɗa, shida kuwa ta hanyoyin da suka jefa ransu cikin haɗarin mutuwa. Waɗanda suka rasa gaɓar a daidai inda suke so sun ce sun samu sauƙin da ba su taɓa samu ba. A kan irin wannan ne masana falsafa biyu, Tim Bayne da Neil Levy, suka kafa hujja a 2005 cewa yana iya halatta likita ya yi aikin ga mai cikakken hankali da babu wani abin da ya yi masa amfani, yayin da Sabine Müller ta Jamus ta mayar da martani a 2009 cewa idan matsalar a ƙwaƙwalwa take, to ƙwaƙwalwar ya kamata a nemi gyarawa, ba a salwantar da lafiyayyar gaɓa ba. Ba na raina masu ra'ayin farko, domin wahalar da suke magana a kai ta gaske ce. Amma ni ba zan ba ka wannan shawarar ba. Rahotannin gamsuwa sun fito ne daga mutane kaɗan da suka kawo kansu don a tambaye su, wanda ya mutu a hanya kuwa ba ya cike takardar tambayoyi. Mai dungu yakan yi fama da ciwon gaɓar da babu ita, da gyambo a bakin dungun, da ciwon baya da na ɗaya gwiwar, har ƙarshen rayuwarsa, kuma aiki ne da bakin alƙalami ke bushewa a kansa. A 1998 wani dattijo ɗan shekara 79 daga Niyok ya je garin Tijuwana na Meziko, wani likita da aka riga aka ƙwace wa lasisi ya yanke masa ƙafa, bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarsa a ɗakin otal saboda ruɓewar nama, kuma kotu ta samu likitan da laifin kisan kai. Wanda ya yi yunƙurin raunata gaɓarsa da kansa kuwa, zubar jini ko gubar da ke shiga jini tana iya kashe shi kafin a kai shi asibiti.

Ɗaure ƙafar da kake yi ma ina so ka faɗa wa likitanka, kada ka ɓoye. Matse gaɓa na tsawon lokaci yana danne jijiyoyi, yana hana jini gudu, yana iya haddasa daskarewar jini a cikin jijiya, wanda kan ɓalle ya tafi huhu. Idan ka taɓa kwancewa ka ga ƙafar ta kumbura, ta sauya launi, ko ta daɗe a mace, wannan na gaggawa ne. Sannan akwai bambanci tsakanin abin da mutum ke yi shi kaɗai a ɗaki don samun sauƙi da fita bainar jama'a a matsayin nakasasshe yana cin gajiyar abin da aka ware wa masu nakasa. Fushin da da yawa daga cikinsu ke yi da masu kwaikwayo yana da dalili, domin su ba su da ranar da za su kwance bel su miƙe.

Abin da zan roƙe ka shi ne ka nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa ko ƙwararren masanin halayyar ɗan Adam a wannan makon, ba sai abin ya kai maka iya wuya ba. Lalurar ba ta da yawa, kuma mai yiwuwa ne wanda za ka gani bai taɓa cin karo da ita ba, saboda haka ka rubuta lambar nan 6C21 a takarda, ka ce masa tana cikin kundin Hukumar Lafiya ta Duniya bugu na 11. Idan bakinka ya kasa furtawa, ka miƙa masa saƙon da ka aiko mini yadda yake, domin ya ƙunshi kusan duk abin da zai tambaye ka: shekarun da abin ya fara, wace ƙafa, daga ina zuwa ina, da abin da kake yi idan ya taso. Ka ƙara masa da yadda barcinka yake, da ko ka taɓa jin rayuwa ta ishe ka, da ko ka taɓa tanadar wani abu da nufin raunata ƙafar. Idan akwai irin wannan tanadin, ka fitar da shi daga inda kake kwana tun yau. Zaurukan intanet na masu irin wannan hali za su iya rage maka kaɗaici, amma duk inda ka ga ana koya wa juna hanyoyin raunata jiki ko tallan wanda zai yi aikin a ɓoye, ka fice nan take. Ka kuma zaɓi mutum ɗaya da ka amince da hankalinsa da riƙon amanarsa, ka gaya masa ko da rabin maganar ce, ka ajiye lambarsa a inda hannunka zai kai cikin dare. Idan wata rana ka ji kana dab da aikata wani abu a kan ƙafarka ko a kan ranka, ka kira shi ya raka ka sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, a wannan sa'ar, ba sai gari ya waye ba.